Tsarin Guduma

Litinin, bayan la'asar

Yau mota mai tambarin makarantar kasuwanci ta tsaya a bakin shagonmu na walda. Na ɗauka ƙorafi suka kawo kan ƙarfen dafawar benen da muka yi musu, har na gama shirya wanda zan ɗora wa laifi, wato Dogo, yaron shago. Ashe gayyata ce. Makarantar na cika shekara arba'in, za su yi mako suna taro, kuma suna so Yaya ya tsaya gaban ɗalibai ya yi jawabi a kan Tsarin Guduma.

Da matar da ta kawo gayyatar ta faɗi sunan, ban nemi bayani ba. Ni na raɗa shi.

Bari in rubuta daga farko. Yaya na da in'ina, mai tsanani, shi ya sa a shago ba ya kiran kowa da baki. Guduma yake bugawa a kan teburin ƙarfe. Bugu ɗaya, Dogo yake nema. Biyu, ni. Uku, a kashe inji. In mai aiki ya zo, shi ya auna ya rubuta da alli, ni in zuba surutu. Ni ne bakinsa tun ina ƙarami.

Watan jiya, muna haɗa ƙarfen benen, Yaya ya fita sayo sandar walda, sai ga ɗalibai biyu da waya a hannu. Wai daga Cibiyar Nazarin Ƙananan Sana'o'i suke, suna tambayar masu aikin hannu yadda suke tafiyar da shago. Na cire baƙin gilashi, na gyara tsayuwa. Na ce maigidanmu ya yi dogon nazari ya gano magana ce ke cinye rabin lokacin ma'aikaci, sai ya haramta ta, ya ƙirƙiro Tsarin Guduma, kuma tun daga nan aiki ya ninka. Suna rubutawa suna gyaɗa kai. Dogo ya shige bayan buhunan siminti yana cizon hannu.

Sai kuma ƙarshen hirar. Ƙarshen ba zan rubuta ba.

Matar da ta zo yau ita ce shugabar cibiyar, Dakta suke ce mata. Ta yi wa Yaya bayani, shi kuwa yana tsaye, ya sunkuyar da kai, ya gyaɗa. Ta juya ta ce wa direbanta, "Ka gani? Ko yanzu bai ɓata kalma ɗaya ba."

Ni dai wasa na yi.

Talata, da hantsi

Na yi tsammanin zai ƙi. Mutumin da ko waya aka kira shi sai ya miƙo mini.

Ya buga biyu, na zo, ya rubuta a teburi: Gaisuwa da godiya, ni. Saura, kai. Sannan ya ƙara a ƙasa: Mene ne tsarin guduma?

Na ce, "Yaya, yadda muke aiki ne suka gani ya burge su. 'Yan boko ai komai sai sun sa masa suna."

Ya daɗe yana kallon gudumar kamar yau ya fara ganinta. Sai ya goge ta da gefen riga. Wallahi ya goge ta.

Alhamis, bayan azahar

Gida ya ɗauka. Inna ta sanar da duk layin cewa ɗanta zai koyar da masu digiri. Anti, matar Yaya, ta kai yadi wurin tela. Na ce mata a ɗinka mini ni ma, tunda ni ne makirfo. Ta ce, "Kai ai buhu ya ishe ka, a yanka wurin baki kawai." Na yi dariya yadda aka saba. Ita ta koya mini rubutun boko a bayan kwalin sabulu, don allo kaɗai na yi. Da ta san abin da nake rubutawa da shi yanzu.

Ga abin da ya hana ni cin abincin rana. Kwana biyun nan Yaya kan kunna injin goge ƙarfe ya bar Dogo a kai, shi ya shige ɗakin ajiya ya rufe. Na ɗauka lissafin kaya yake. Yau ana cikin haka aka ɗauke wuta. Inji ya mutu, sai muryarsa ta fito fili, tsirara. Gaisuwar yake gwadawa. Ya maƙale a kalmar farko, ya koma, ya maƙale, ya koma. Bai ankara an ɗauke wutar ba.

Dogo ya kalle ni yana jiran in yi abin da na saba. Na ɗauki tsintsiya na fita share ƙofar shago, wadda na share da safe.

Juma'a, da yamma

Ni dai wasa na yi. Kowa ya san ni da wasa.

Litinin, bayan la'asar

Na ce wa Yaya zan je duba fentin ƙarfen bene. Ɗaliban nan na je nema, in ce su goge ƙarshen hirar da suka ɗauka a waya.

Makarantar ta sauya kamar amarya. Doguwar barandar ƙasa sun mai da ita wurin tarihi, hotuna tun daga ƙofa har bakin bene. Wata yarinya mai kati a wuya tana zagayawa da baƙi, na bi bayansu kamar ni ma baƙon ne. Ta ce da ɗaki biyu aka fara, a saman wani sito, da kujerun aro da malamai uku. Akwai hoton ajin farko, duk sun murtuke fuska kamar an ce za a yi musu allura. Daga nan hoton ranar da suka fara karatun dare don ma'aikata, sai na ƙarshen mako don manyan shugabannin kamfani, waɗanda aka ce ana ba su shayi a tsakiyar darasi. Mu a wurin malam abin da ake ba mu a tsakiyar darasi daban ne. Sai na masu son zama dakta, shekaru ana rubuta littafi ɗaya. Ba a ɗaukar kowa sai wanda ya riga ya gama jami'a. Wato sai ka gama karatu sannan a koya maka saye da sayarwa.

Cibiyoyin suna hawa na biyu, ƙofa kusa da ƙofa: ta shugabanci, ta harkar kuɗi, ta kasuwancin iyali, ta ƙananan sana'o'i. A ta shugabanci ba kowa. Da ranar arziki ce da na samu abin ba da labari na mako guda. Na daɗe a gaban ta kasuwancin iyali. Ban san me ya tsayar da ni ba.

Sakatariya ta ce ɗaliban sun tafi aiki wani gari, sai ranar gwajin taron za su dawo. Ta nuna mini takardar shiri a bango. Kafin kowane mai jawabi, za a haska hoton bidiyon hirarsa a babban allo.

Na ce, "Duka?"

Ta ce, "Yadda aka ɗauka mana. Ka ji tsoron fuskarka ce?"

Ina saukowa muka yi kiciɓis da Dakta a kan bene, hannunta a kan ƙarfen da Yaya ya haɗa. Ta ce, "A'a, ƙanin maigida. Lafiya dai?" Na buɗe baki. Ni da ake roƙo in yi shiru, maganar ta zo nan maƙogwaro ta tsaya. Ta tsaya cak. Dakta tana jira. Sai na ji kaina ina cewa, "Ranki ya daɗe, in tambaya, mu ma za a ba mu shayin nan na manya?" Ta yi dariya ta wuce.

Laraba, da safe

Wurin mai shayi. Masu gyaran babur suka ce, "Auta, kwaikwayo mana Yayanka yana ciniki." Kullum sai na yi, har mai shayi kan ƙara mini madara. Na ce yau maƙogwarona na ciwo. Ɗaya ya ce to bari shi ya gwada. Ya gwada.

Ban taɓa ji daga bakin wani ba. Haka yake fita ashe.

Na bar shayin.

Alhamis, bayan azahar

Malam ya taɓa ba mu labarin annabin da harshensa ke da ƙulli, ya roƙi Allah ya haɗa shi da ɗan'uwansa don ya fi shi sakin baki. Ranar duk yara suka juyo suna kallona, ni kuwa har da ɗaga kafaɗa. Malam bai ce ɗan'uwan yana zuwa wurin mai shayi ba.

Gobe gwaji. Zan riga kowa zuwa in tare ɗaliban a ƙofa.

Juma'a, da yamma

Ya gani.

Asabar, da hantsi

Ba mu buɗe shago ba. Bari in rubuta ko zan samu in ci abinci.

Jiya na je da wuri, amma ɗaliban ta ƙofar baya suka shiga. Kafin in gane, har an kira mu babban ɗakin taro. Kujeru reras ba kowa, sai Dakta, sakatariya, ɗaliban biyu da mai kula da na'ura. Yaya ya sa sabbin kayansa, wai ya gwada tsayuwa a cikinsu. Gudumar tana aljihunsa.

Aka kashe fitila. Sai ga ni a bango, kaina ya kai ƙofar gareji. Na zuba ƙaryata tsaf, nazari, rabin lokaci, aiki ya ninka. Na saci kallon Yaya, yana murmushi. Ya san ƙarya ce, amma irin wadda ya saba ji ina yi wa masu aiki. Sai muryar ɗalibin ta ce, "To shi maigidan ba ya magana ko kaɗan?" Sai na bango ya ce, "Yana yi mana. Ga yadda yake yi."

Ban san na iya har haka ba. Har da rufe idon. Har da yadda yake buga ƙafa. A cikin bidiyon ana jin dariyar mutum uku, ɗaya ta Dogo ce. A cikin ɗakin kuwa ba wanda ya yi ko tari.

Dakta ta ce, "Kashe." Ta ce ita rahoton ta karanta, ba ta kalli hoton har ƙarshe ba. Ɗaliban suka ce sun ɗauka barkwanci ne kawai, ba su san da gaske mutumin yana da lalura ba. Kowa na magana. Yaya ya tashi, ya gyara kujerar da ya zauna ta koma layi da sauran, ya fita. Ta bene ya sauka, bai dafa ƙarfen ba.

Ni dai

Litinin, bayan la'asar

Dakta ta zo shago da kanta, ba direba. Ta tsaya a cikin tartsatsi da takalminta mai tsini ta ba Yaya haƙuri. Ta ce laifin cibiyarta ne da ba su bincika ba, ba za ta iya gabatar da tsarin da babu shi ba, amma in ya fi so za ta cire sunansa a hankali, a ce aiki ya yi masa yawa. Ba wanda zai ji.

Ta kalle ni don in ba da amsa, yadda kowa ke yi. Har na ja numfashi. Yaya ya ɗaga hannu, ko kallona bai yi ba.

Shi ya amsa mata. Zan rubuta maganarsa a miƙe, ba yadda ta fito ba. Wannan na daina shi, ko a takarda.

Ya ce, "Mahaifiyata ta gaya wa mutane. Zan zo. Ni kaɗai."

Ya ɗauki lokaci. Dakta ba ta taya shi ba, ba ta kalli agogo ba. Ta ce, "Minti goma ne, Malam." Ya ce, "A ba ni ashirin." Sai da ta yi dariya, shi ma gefen bakinsa ya motsa. Raha ce ya yi. Ban san yana yi ba. Ko da yake yaushe na taɓa barin ya kai ƙarshen zance.

Talata, da azahar

Bai buga biyu ba. Ɗaya yana bugawa, Dogo ya ruga. Uku yana bugawa. In ni yake so, sai ya ajiye guduma, ya juyo, ya kira ni da baki. Auta. Kalma ɗaya, amma sai ya yi kokawa da ita, ni kuma ina tsaye a gabansa ina jira ta fito, ba halin in ce na ji.

Da ma ya mare ni.

Laraba, da azahar

Da baki.

Alhamis, da yamma

Da baki. Har gaban mai aiki, wani mai son ƙofar gida. Mutumin ya ce mini a hankali, "Kai ba ka taimaka masa ne?" Na ce an sallame ni daga wannan aikin.

Na je gidan Yaya kai cefane. Anti ta karɓa, ba ta ce buhu ba. Na ce, "Anti, ki zage ni mana, ko na samu sauƙi."

Ta ce, "Zagi ai na wanda ake wasa da shi ne."

Na zauna a bakin ƙofa. Ta ci gaba da wanke-wanke, can ta ce, "Ka ɗauka bai san na wurin mai shayi ba? Ɗakin ajiyarku da rumfar mai shayin ai bango ɗaya ne. Shekara nawa yana ji. Na ce bari in yi maka magana, ya ce a'a, yaro ne, kuma a unguwa ne, kowa ya san shi ya san aikinsa. Amma can, Auta? Wurin da ya yi aikin da ya fi alfahari da shi? Har kai ni ya yi in ga benen nan."

Na ce, "Ni dai..."

Ta ce, "Kar ka ƙarasa."

Ban ƙarasa ba.

Inna ba ta sani ba. Ta tambaye ni me ya sa ban auna kaya wurin tela ba. Na ce na fi kyau a tsofaffi.

Asabar, bayan azahar

Ya daina kunna inji in zai shiga ɗakin ajiya. Ƙofar ma a buɗe yake barinta. Duk layin masu gyara na jin shi yana maimaitawa. Ba wanda ya yi dariya, ko kuma suna jira ne in fara.

Talata, bayan la'asar

Yau ne.

Ba a ce in zo ba, ba a ce kar in zo ba. Na bi su a baya a babur ɗin haya. Inna da Anti suna layin gaba. Ni na tsaya a wajen ƙofar sama, inda bene ya ƙare, ana hango mumbari ta tsakanin ƙyauren. Ɗakin ya cika, masu kwat, ɗalibai, wasu tsofaffi da na gane daga hoton ajin farko, har yanzu fuskar a murtuke.

Kafin shi an yi mai gidan burodi da mai kamfanin ɗinki, kowa da bidiyonsa. Da aka zo kansa allo ya zauna fari. Dakta ta ce cibiyarta ta yi kuskure a rubutun shiri, babu wani abu mai suna Tsarin Guduma, ga maƙerin da ya yi benen da kuka hawo, zai yi magana da kansa.

Gaisuwar ta ɗauke shi lokaci. Wani a baya ya yi 'yar dariya, na ji ta a gadon bayana kamar bulalar malam. Wasu suka shiga duba waya. Biyu suka fita ta gabana, ɗaya na cewa wannan ai azabtar da bawan Allah ne. Ba zan ce ya burge kowa ba. Gumi ya jiƙa sabuwar rigar har baya. Amma bai tsaya ba.

Ya ce shi ba shi da tsari, in'ina gare shi. Ya faɗi yadda ake auna bene, da dalilin da ya sa ba ya karɓar aiki biyu a lokaci ɗaya. Sai wata ɗaliba ta tambaya, to gudumar fa, wa ya kawo ta?

Ya ce, "Ƙanina. Yana ɗan shekara shida. Ya ga ina wahala in kira shi, yara na dariya. Ya kawo cokali ya buga a kwano ya ce, Yaya, in ka yi haka sau biyu, ni ne, zan zo."

Wallahi na manta. Na ɗauka tun asali haka muka taso.

Aka tambaye shi ina ƙanin yake. Ya ce, "Yana nan wani wuri. Ba ya nisa."

Ban jira tafi ba. Na sauko, na zauna a matakalar ƙarshe, wajen hotunan tarihi, kusa da masu kujerun aro. Mai gadi ya zo ya ce ba a zama a nan. Ya kalli fuskata, sai ya koma wurinsa.

Laraba, da azahar

Inna ta ce jawabin ya yi kyau, sai dai an cika sanyin na'ura. Ta ce, "Kai kuma ina ka shiga? Ana yabonka ba ka nan."

A shago, da baki.

Alhamis, da safe

Na je da wuri na share ɗakin ajiya. Na tsaya a ciki na saurara. Ana jin komai na rumfar mai shayi, har ƙarar cokali a kofi.

Da ya zo na ce, "Yaya, ka yafe mini." Ban ƙara komai a kai ba, ban yi murmushi ba. Ya dube ni, ya sa baƙin gilashi, ya kunna wuta.

Asabar, da yamma

Da baki. Na fara sabawa da jira. Ashe in ka bar shi, yakan ƙara wata maganar bayan ta farko. Yau ya ce fentin da na zaɓa wa ƙofar mutumin nan kamar na motar ɗaukar marasa lafiya.

Litinin, da hantsi

Ina waje ina goge ƙofa, na juya baya, na ji guduma a kan teburi. Ɗaya. Biyu.

Ban motsa ba. Na ce ƙila ƙarfe yake miƙarwa, ƙila na uku na tafe. Na tsaya riƙe da takardar goge ƙarfe ina saurare. Na ukun bai zo ba.

Dogo ya leƙo ya ce, "Kai kurma ne? Naka ne fa."

Na shiga. Bai ɗago ba. Ya miƙo mini bakin igiyar awo, ya nuna ɗaya ƙarshen wata sandar ƙarfe da haɓa. Na riƙe.